Wasiƙa zuwa ga 'yata kan ciyar da maigidanta bayan tiyata

Assalamu alaikum, 'yata. Bayan gaisuwa da fatan alheri, ya mai jiki? Allah Ya ƙara sauƙi, Ya sa kaffara ce.

Na ji damuwa a muryarki ranar da kika ce kin dafa abin da ya fi so amma cokali uku kawai ya kai baki ya ture kwanon. Shi ya sa na zauna na rubuto miki abin da na koya da wahala lokacin da na yi jinyar kawunki, bayan an cire masa tumbi saboda ciwon daji, kamar yadda aka yi wa maigidanki.

Ba girkinki yake ƙi ba. Tumbi ma'aji ne, shi ke riƙe abinci ya niƙa shi, sannan ya riƙa sakinsa kaɗan-kaɗan zuwa ƙaramin hanji, kuma yawancin sinadarin da ke sa mutum jin yunwa a cikinsa ake samar da shi. Tunda likitoci sun cire na maigidanki gaba ɗaya, ma'ajin ya tafi, yunwar ma ta bi shi. Saboda haka kada ki jira ya ce a kawo abinci. Agogo za ki riƙa dubawa. Ki ba shi sau 6 zuwa 8 a rana a ƙaramin kwano, ya ci a hankali, ya tauna sosai, domin yanzu haƙoransa ne za su yi aikin da tumbi ya bari. Ki fara gabatar masa da abin da ke gina jiki, wato ƙwai, kifi ko nama mai laushi, kafin ɗan wurin da ya rage ya cika da wani abu. Ruwa kuwa kada ya haɗa shi da abinci, a bar tazarar kamar minti 30 kafin ci ko bayansa, amma ya riƙa kurɓa a sauran lokutan yini.

Kuskurena da kawunki shi ne sukari. Ganin yadda ya rame, wata safiya na haɗa masa shayi mai kauri da madara da sukari cokali uku, ina ganin gata na yi masa. Ko minti 20 ba a yi ba gumi ya keto masa, zuciyarsa na dukan uku-uku, cikinsa na murɗawa, ya dafa bango saboda jiri, daga nan sai gudawa. Na ɗauka ciwon ne ya dawo. Daga baya likita ya fahimtar da ni cewa abu mai zaƙi idan ya afka hanji lokaci guda yakan janyo ruwa daga jini zuwa cikin hanjin. Akwai kuma wanda ke zuwa a makare, awa 1 zuwa 3 bayan cin abinci, inda jiki ke sakin insulin, wato sinadarin da ke rage sukarin jini, fiye da kima har sukarin jini ya faɗi, mutum ya kama rawar jiki da kasala. Masu zuwa dubiya za su kawo lemon kwalba da kayan zaƙi da zuciya ɗaya. Ki karɓa ki yi godiya, amma kada ki miƙa masa.

Ki ɗaga wajen kansa a gado da matasai, kuma kada ya ci abinci dab da kwanciya, don ruwan ɗaci yakan taso maƙogwaro cikin dare.

Abin da na fi tsoron ku manta shi ne allurar bitamin B12. Tumbi ne ke samar da sinadarin da hanji ke buƙata kafin ya tsotsi wannan bitamin, don haka wanda aka cire wa shi gaba ɗaya zai riƙa karɓarsa har ƙarshen rayuwa. Hanta tana da ajiyar da kan kai shekaru, shi ya sa mutum ke ganin lafiyarsa ƙalau ya yi sakaci, sai ƙarancin jini da mutuwar yatsun hannu da ƙafa su bayyana. A riƙa gwada jininsa don duba sinadarin ƙarfe, kalsiyam da bitamin D.

Ki sami littafi ki riƙa rubuta abin da ya ci da yadda jikinsa ya karɓa, ki kuma ɗora shi kan sikeli sau ɗaya a mako. Rama a watannin farko ba abin mamaki ba ce, amma idan nauyin ya ƙi tsayawa, ko abinci na maƙale masa, ko bayan gidansa ya yi fari da maiƙo yana yawo a saman ruwa, ku koma asibiti ba tare da jiran ranar da aka ba ku ba. Idan suka ce a ci gaba da ciyar da shi ta bututun da aka sa masa a hanji, kada ki ɗauke shi koma baya, musamman tunda akwai maganin ciwon daji a gabansa kuma yana buƙatar ƙarfi.

Ki nemi ganin masanin abinci na asibitin, ki tafi da littafin. Ki gaishe min da shi da yara, kuma ki faɗa min abin da sikeli ya nuna wannan makon.

Mahaifiyarki.