A daina ɗora wa famfon SPICA laifin da ba nasa ba

Assalamu alaikum Edita, don Allah a ba ni ɗan fili in yi magana kan tsofaffin motocin Italiya, musamman Alfa Romeo ɗin da aka kai Amurka a 1969 da kuma daga 1971 zuwa 1981, masu famfon feshin mai na SPICA. Abin da ke ci min rai shi ne da mota ta fara shaƙewa ko silo ya ƙi zama sai bakanike ya ce ai famfon ne, a cire a sa kafireta Weber, shi kenan an raba mota da asalinta alhali ko murfin bawul bai buɗe ba.

Ni dai a iya sanina daga bawul ake farawa, kuma sai injin ya huce sarai. A injin 1750 tazarar bawul na shigar iska 0.475 zuwa 0.500 ce a milimita, na fitar hayaƙi kuma 0.525 zuwa 0.550. Babu wani noti da za ka murɗa, shim ne, wato ɗan siririn ƙarfen da ke daidaita tazarar, a ƙarƙashin ɗan kofin da kamshaf ke dannawa, sai ka zura fila geji, wato siraran ƙarafan awon tazara, ka auna duka bawul takwas ɗin ka rubuta a takarda, ka ɗaga kamshaf, ka auna kaurin tsohon shim da maikuromita sannan ka yi lissafi. Aiki ne na haƙuri wallahi. Na taɓa buɗe wata mota na tarar bawul ɗin hayaƙi na silinda ta uku ya matse har siririn geji ya ƙi shiga, bakinsa ya fara ci, mai motar kuwa har ya gama shirin cire famfo. Shim ɗaya muka canza aka gyara bawul ɗin ta dawo hayyacinta.

Bayan bawul sai taimin da fulogi, sannan a taɓa famfo. Shi kansa daga famfon dizal aka samo shi, babu kwamfuta a ciki, bel ke juya shi, kuma baƙin man injin yake sha har da 'yar filtarsa da mutane ke mantawa da ita shekara da shekaru. In ka zaro dipstik, wato sandar awon baƙin mai, ka ji warin fetur a jikin baƙin mai to a nan kam famfon ya gaji, a kai wa wanda ya san shi ya sake ɗaure shi, kar a jefar. Ina roƙon kanikawanmu su riƙa aunawa kafin su yanke hukunci. Na gode Edita.

Naku,
Wani tsohon bakanike