Fari ko baƙi, Injiniya?

Anguwar Rogo, Jos
Daren Laraba

Injiniya,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, da fatan kana lafiya, kai da Maman Sultan da yara. Ya sanyin Ingila? Kada ma ka fara yi mini kuka, mu ma hunturu ya sauka tun makon jiya. Da asuba ruwan buta sai ka rantse daga firji aka ɗebo shi, liman da kansa ya koma jan gajerun surori.

Wata bakwai ke nan rabona da jin wata magana daga gare ka, in ban da ɗan babban yatsan nan da kake manna wa duk abin da na tura. Saƙon murya kuwa Sani ya tona maka asiri, ya ce ba ka buɗe duk wanda ya wuce minti ɗaya. Shi ya sa na zauna na rubuta, ka karanta a jirgin ƙasa in za ka wurin aiki. Dalilin rubutun dai filinka na Rikkos ne, akwai abin da zan tambaye ka kafin magina su koma. Amma bari in fara sauke abin da ya tsaya mini a rai tun ranar Asabar, don kai kaɗai zan gaya wa ba a ce na taɓu ba. In ma ka ce, na saba.

Na ga iPod, 'yar na'urar sauraron waƙar nan ta kamfanin Apple, a kasuwar Terminus. Guda uku.

Wurin cajin wayata ne ya lalace, na kai wa yaron nan mai gyara da ke bayan masu sayar da takalma. Ina zaune a benci yana tonon wani kwali na kayan tokumbo da ubangidansa ya kawo daga Legas, sai na hango wani farin abu da ya danne takardun rasit da shi don kada iska ta kwashe. Na ce miƙo mini wancan. Ya ce, "Oga, wannan ai tsohuwar waya ce, ko wurin sim ba ta da shi." Injiniya, yaron nan bai fi shekara ashirin ba. Na ji tsufa ya dafa mini kafaɗa.

Ka tuna Bature ɗan Rayfield, lokacin muna jami'a a Naraguta? Baƙin iPod ɗin nan nasa mai giga 80 da yayansa ya aiko masa a 2008, wanda sai ka kwafa masa aikin lissafi zai ba ka kunne ɗaya na iyafis, shi yana riƙe da ɗayan, kuna tafiya kafaɗa da kafaɗa kamar shanun huɗa. Kai ka yi masa aikin sau uku, kada ka musa, ina da shaidu. Ni girman kai ya hana ni, na ce rediyona ya ishe ni. Ƙarya nake yi. Har muka gama makaranta, duk lokacin da na ji ɗan ƙas-ƙas ɗin da zoben tsakiyar nan ke yi in yana murza shi da yatsa, sai in ji wani abu ya tokare mini ƙirji.

To, da yaron ya ga idona ya canza sai ya ƙara tono, ya fito da wasu biyu. Ɗaya nano ne, ɗan siriri, irin na 2009 mai kyamara da rediyon FM. Shi ban ɓata lokaci a kansa ba. Akwai baƙin tabo a tsakiyar allon, alamar batir ya kumbura yana turo shi daga ciki, kuma batirin nasu liƙe yake da dalma a cikin kwanson da ba ya buɗuwa ta daɗi. Na ce ya fitar da shi daga shagon ma kafin ya jawo masa gobara. Kasuwar da ta ga wutar 2002 ai ba a yi mata wasa da batir.

Saura biyu, kuma su ne suka hana ni barci.

Farin mai giga 30 ne. Bayansa ya sha ƙarce kamar tukunyar da aka goge da soson ƙarfe, har da wani rubutun taya murnar zagayowar ranar haihuwa da aka zana da Turanci, ya kusa gogewa. Mun saka caji da wata igiya mai faɗin baki da aka samo da ƙyar a shago na huɗu. Minti ashirin shiru, har na fara cewa inna lillahi, sai ga tufar nan, tambarin Apple, ta haska. Abin da na fara yi shi ne shiga wurin waƙoƙi in ga ko akwai layin bincike. Akwai. Ka san ma'anar wannan: ba na farkon nan na Oktoban 2005 ba ne, gyararren ne da suka fitar a Satumban 2006, mai allo mai haske. Shi ne wanda mutanen intanet ke rantsuwa da shi saboda ɗan guntun sautin Wolfson da ke cikinsa, wai ya fi na baya-bayan zaƙin murya. Ni dai kunnen da ya shekara goma sha biyar yana kwana da janareton maƙwabci ban ce zai bambance ba. Amma na saka iyafis na rufe ido na gyaɗa kai kamar masani, don yaron ya san ba da baƙauye yake ciniki ba. Wautar da na yi ke nan, nan take ya ƙara dubu biyar.

Baƙin kuwa, Injiniya. Giga 160, kuma siririn, wato na 2009, ba mai kaurin nan na 2007 ba. Shi ne auta, daga shi ba su ƙara yin wani mai irin wannan zoben da faifai ba har suka rufe babin a 2014. Fuskarsa ta alminiyon ce, sanyi ƙalau a tafin hannu, ko ƙwarzane ɗaya babu a gaba. Waƙa 40,000 aka ce yana ɗauka, caji ɗaya awa 36 lokacin yana sabo, alhali farin 7,500 ne da awa 14. In ka ajiye su gefe da gefe, farin kamar ƙanen da aka bar wa tsofaffin kayan yayansa. Kuma kada mu yaudari juna, baƙin ƙanen na Bature ne, ya ma ninka shi ciki. Da zan haɗu da shi a Ahmadu Bello Way in zaro shi daga aljihu a hankali... Allah ya shirye ni.

Af, Baturen ma yana nan, ya yi tumbi, yana kiwon kaji a hanyar Bukuru. Mun haɗu a ɗaurin auren Sani. E, Sani ya ƙara, wata uku ke nan, kai kaɗai ne ba ka zo ba kuma ba ka aiko da ko sisi ba, an lura. Amaryar 'yar Gangare ce, malamar firamare. Uwargidan ta yi yaji na kwana tara ta dawo da kanta ranar da ta ji an sayo wa amarya firji. Sani ya rame. In ka tambaye shi sai ya ce azumin Litinin da Alhamis ne.

Ina muka tsaya? Baƙin. Ga inda gizo ke saƙa. Da na kara shi a kunne na danna waƙa, faifan cikin ya tashi, sai na ji ƙit, ƙit, ya yi shiru, sannan ya kama. Farin kuwa sai ɗan zuuu mai santsi. Ka san duka biyun ɗan faifai ne mai juyawa a cikinsu, inci 1.8, ga shekaru sun ja, faɗuwa ɗaya a siminti ya isa ya gama da shi. Na tuna dabarar da ka taɓa nuna mini: a danne Menu da maɓallin tsakiya har tufa ta fito, sannan a danne na tsakiyan da na komawa baya, sai ya shiga ɗakin gwaji. Na laluba har inda yake nuna wuraren da suka mutu a faifan aka kauce musu. Farin sifili. Baƙin lamba mai gida huɗu. Yaron ya leƙo ya ce, "Oga, yawan lambar ai yawan ƙarfi ne." Na dube shi kawai.

Na san abin da za ka ce: a cire faifan a saka ɗan allon nan mai ɗaukar memori, a canza batir, shi ke nan ya zama sabo, ya yi sauƙi a hannu, ya daina tsoron faɗuwa. To, a nan ne farin ya yi wa baƙin fintinkau. Fuskarsa roba ce, ɗan tsinken roba za ka zura a gefe ya buɗe kamar gwangwanin man shafawa. Baƙin an ɗaure shi da haƙoran ƙarfe ta ko'ina. Yaron da kansa, da duk son kuɗinsa, ya ce in na matsa zai buɗe amma kada in kama shi in bayan ya lanƙwashe. Wato in sayi kyau da tsada, in biya a ɓata mini kyan. Abin da kawai zan yaba wa na 2009 ɗin shi ne ba shi da tarkon na 2007 da na 2008, waɗanda ko ka saka musu memori mai girman gari ba sa ganin abin da ya wuce giga 128.

Farin dubu 40 ya tsaya bayan ƙarin da na jawo wa kaina, baƙin dubu 75. Buhun dankali nawa ke nan a Farin Gada, kada ka lissafa mini.

Yanzu ga abin kunyar. Da na dawo gida sai na ce wa Maman Hanifa ai Hajiya nake so in saya wa. Kuma wallahi ba ƙarya zalla ba ce. Ka san idon Hajiya ya yi rauni, waya tana rikita ta, jikoki kuma kullum sun ɗauke suna wasa sun cinye caji. Kaset-kaset ɗin tafsirin marigayi Baba na riga na juye su a kwamfuta tun bara. Na ma yi lissafi a bayan ambulan: minti ɗaya kusan mega ɗaya, awa biyu kullum na kwana talatin bai kai giga huɗu ba, ke nan farin zai haɗiye tafsirin azumi bakwai ko takwas. Ga shi ana iya sa shi ya riƙa tuna inda aka tsaya, ga zoben da ko da lalube mutum zai sarrafa. Na jero mata wannan duka kamar mai kare digiri.

Tana tsintar wake, ko ɗago kai ba ta yi ba. Ta ce, "Yana da lasifika?"

Ba shi da ita, Injiniya. Babu ɗaya a cikin biyun mai lasifika, ba Bluetooth, ba rediyo. Ta ce, "To Hajiyar da ko ɗankunne ba ta iya kwana da shi ce za ta cusa roba a kunne a ƙarƙashin hijabi? Kuma duk sanda take son sabon karatu sai an nemo ka da kwamfutarka da wannan manhajar iTunes ɗin da ake zuba masa sauti da ita?" Washegari ta aiki Hanifa bakin Masallacin Juma'a aka sayo ɗan rediyon China mai cin memori, ja, mai tocila a ka. Hajiya na can tsakar gida da shi a gefen tabarma, har maƙwabta na shan tafsiri kyauta. Da daddare Maman Hanifa ta ce, "In abin wasa kake so, Baban Hanifa, ka saya, amma ka bar jingina shi da tsohuwa."

To na bari. Ni nake so. Ina son abin da aikinsa ɗaya ne tak. Duk Litinin ina kan hanyar Abuja, daga an fara gangara Hawan Kibo sabis ya fara wasan ɓuya, in ya dawo kuma wajen Akwanga sai saƙonnin zauren dangi su yi ta faɗowa a kan waƙar, ga kiran masu neman a taimaka da na cefane. Motar tawa ta tsufa har wurin kaset gare ta, kuma ina da kaset ɗin nan mai igiya da ake jonawa. Ka hango ni: motar da ta girmi Hanifa da shekara goma, iPod na 2006, tsofaffin waƙoƙin kalangu da na goge, waya a kashe cikin aljihun mota har Keffi.

Ka ga na ce na 2006. Hannuna ne ya rubuta, ban yanke ba tukuna.

Wani abu kuma. Waƙoƙin tsohon mai farin suna nan a ciki, wajen dubu biyu, duk kiɗan jita na Turawa da ban san ko ɗaya ba. Na zauna a bencin nan na saurari uku, ina tunanin ko wace ce ta zana masa rubutun bayan, ko yana raye ma. Ranar da na jona shi da kwamfutata na zuba nawa, nasa za su goge gaba ɗaya. Na gaya wa Maman Hanifa, ta ce in je in yi sallar isha'i.

Na ajiye kafin alƙalami dubu biyar, yaron ya ba ni zuwa Asabar, wai wani ɗan jami'a na zawarcin baƙin. Ban yarda ba, amma ban kuma ƙi yarda ba. Don Allah ka amsa kafin Juma'a, da kalmomi, ban da yatsa. In ka ce fari, ka sa surukinka da zai zo ƙarshen wata ya taho mini da batir siriri na mai giga 30, kada a kawo mai kaurin don ba zai rufu ba, da allon memorin, da igiyar caji mai fil 30 guda biyu. Kuɗin ka cire a cikin bashin da kake cewa ba ka tuna ba. In kuma ka ce baƙi, ka rubuto dalili mai ƙarfi wanda zan iya karanta wa Maman Hanifa da babbar murya.

An ɗauke wuta, kwamfutar saura kashi tara. Ka gaida Maman Sultan, ka shafa mini kan Sultan da ƙanwarsa. Hajiya na gaishe ka, ta ce har yanzu tana jiran man zafin ƙafar da ka yi mata alkawari.

Naka,
Kabiru