Kabon da Ke Kwance a Ƙasar Fadama

Ranka ya daɗe Edita,

Ina roƙon ɗan fili a jaridarka domin in yi tsokaci a kan wani al'amari da ake yawan tsallakewa idan ana maganar sauyin yanayi. Duk shekara a ranar 2 ga Fabrairu ana bikin Ranar Dausayi ta Duniya, don tunawa da yarjejeniyar da aka ƙulla a garin Ramsar na ƙasar Iran a 1971, kuma rahotanni kan tsaya a kan kifi da tsuntsaye da ruwan sha. Ba kasafai ake waiwayar ƙasar da ke ƙarƙashin ruwan ba, musamman ta fadamun da ke cika da damina su janye da rani, alhali a nan ne ake yin wani babban aiki na adana sinadarin kabon.

Tsirrai suna zuƙar iskar kabon dayoksaid, wadda ke ɗumama duniya, su gina jikinsu da ita, idan kuma suka mutu ƙananan halittun cikin ƙasa su ruɓar da su, iskar ta koma sama. Ruɓewar nan tana sauri ne idan akwai oksijin, shi kuwa oksijin tafiyarsa a cikin ruwa ta fi ta cikin iska jinkiri kusan sau 10,000. Saboda haka da zarar ruwa ya kwanta a fadama, ƙananan halittun kan cinye ɗan oksijin da ya rage, sannan aikinsu ya ragu ƙwarai, saiwoyi da ganyaye su riƙa taruwa fiye da yadda suke ruɓewa.

Sai dai a nan ne mutane da yawa ke kuskure, suna auna fadama da ma'aunin dausayin da ba ya bushewa. Irin wancan dausayin, inda matattun tsirrai ke jibguwa shekaru dubbai, bai wuce kashi 3 cikin 100 na doron ƙasa ba, amma kabon da ke cikinsa ya fi na bishiyoyin duk dazuzzukan duniya. Fadama ba ta da wannan gatan, domin duk shekara iska tana sake shiga ƙasarta. Tun a 1958 masanin ƙasa H. F. Birch, wanda ya yi aiki a gabashin Afirka, ya nuna cewa busasshiyar ƙasa kan fitar da iskar kabon da yawa a lokaci guda idan ruwa ya sake jiƙa ta. Abin tambaya shi ne, me ke riƙe kabon a wurin da ruwa ba ya tsare shi shekara cur?

Amsar tana cikin yumɓu da sinadarin ƙarfe. Ambaliya na kawo lallausar laka, burbushin ruɓaɓɓun tsirrai kuma yana manne wa ƙwayoyin yumɓu, ko ya shige cikin ƙananan dunƙulen ƙasa inda ƙananan halittu ba sa iya kai masa. Ƙarfen ƙasa kuwa narkewa yake yi idan oksijin ya ƙare, ya saki wani ɓangare na kabon da yake riƙe da shi, sannan idan ruwa ya janye ya koma tsatsa, ya sake kama kabon ya daskare tare da shi. Duk wanda ya haƙa ƙasar fadama ya ga launin toka da ɗige-ɗigen ja, alamar wannan kai-komon ya gani. Ga kuma sabuwar lakar kowace damina da ke binne ta bara, tana ƙara nisanta ta da iska.

Ba na ɓoye cewa ƙasa mai ruwa tana fitar da iskar metan, wadda a tsawon shekara 100 ɗumamarta ta kusa ninka ta kabon dayoksaid sau 30. Amma bushewar rani da yawan ƙarfe kan rage fitarta, don haka ba hujja ba ce ta busar da fadama.

Abin da ke ɓata lissafin shi ne sauya tsawon zaman ruwa. Dam da ya tare ambaliya, da magudanun da aka haƙa, da huɗa mai zurfi da ke farfasa dunƙulen ƙasa, duk suna buɗe wa iska ƙofa, abin da ya taru a ɗaruruwan shekaru ya zube cikin 'yan shekaru. Rahoton sakatariyar yarjejeniyar Ramsar na 2018 ya nuna cewa duniya ta yi asarar kusan kashi 35 cikin 100 na dausayinta tsakanin 1970 da 2015, gobarar da ta ci fadamar Pantanal ta Kudancin Amurka a 2020 kuma ta nuna abin da tsawon fari ke jawowa. A ganina fadamun rani da damina sun fi shiga haɗari, domin mai awon da ya zo da rani fili kawai zai gani ya rubuta.

Don haka ina kira ga wakilanka, duk lokacin da za su ba da labarin aikin dam ko na noman rani, su tambayi masu aikin watanni nawa ruwa zai ci gaba da kwanciya a wurin, kuma ko an auna kabon ƙasar har zurfin mita ɗaya kafin a fara.

Naka,
Wani mai karanta jaridarka