Ba kowace kurumta ce gado ba, Malam Edita

Assalamu alaikum. Malam Edita, tun daren Talatar nan nake ɗauke da abin nan a raina, yau dai na ce sai na amayar da shi. Minti talatin cur likitan da kuka gayyato shirinku yana magana a kan kurumtar jarirai, kalma ɗaya yake ta nanatawa: gado, gado, auren zumunci. Shi kuma mai gabatarwa sai "haka ne, likita" yake yi, ko sau ɗaya bai tambaya ko akwai wani dalilin ba.

Tare da uwar mijina muka saurara, wayar tana kan faranti tsakaninmu muna tsinkar mulukiya. Da ya ce gado, sai Hajiya ta ɗago ta dube ni ta ce, "To kin ji." Ina da kawu kurma a Katsina, kuma shekara uku ke nan ina fama a daina jingina masa lalurar autana. A dare ɗaya shirinku ya rushe mini komai.

Ban ce ƙarya ya yi ba, gado yana da kaso babba. Amma ni da maigidana ko ƙauye ba mu haɗa ba. Abin da ya taɓa kunnen ɗana ƙwayar cuta ce da ake kira CMV, tun yana ciki ta kama shi. Bayan gado, babu abin da ya kai ta jawo wa jarirai kurumta. Hukumar yaƙi da cututtuka ta Amurka ta ce kusan jariri 1 cikin 200 da ita ake haifarsa, kuma 1 cikin 5 na waɗannan sai ta bar masa tabo na dindindin. Yaya za a yi shiri sukutum a kan kunnen jarirai ba a ambace ta ba?

Lokacin da nake da cikinsa raino nake yi a gida, nan Jidda. Maƙwabta masu zuwa aikatau sukan ajiye mini yaransu, wani lokaci har biyar ban da nawa biyu. Ni ce share majina, ni ce canza famfas. In zan ba yaro kunu sai na ɗanɗana da cokalin nan nasa, in ya rage na shanye don kar a yi almubazzaranci. Dabino ma taunawa nake yi na sa musu a baki, ragowar na haɗiye. Ashe a yawu da fitsarin ƙananan yara ta fi zama, su kuma garau suke, wasansu kawai suke yi. Ni kaina ban ji komai ba sai ɗan zazzaɓi na kwana biyu da na ɗauka laulayi ne. Duk zirga-zirgar awo da na yi, babu wanda ya taɓa ce mini in kiyaye cokali.

An haife shi ɗan ƙarami, da ciwon shawara, kunnen hagu kuma bai amsa gwajin ji ba. Allah Ya haɗa mu da wata likita mai lura, ta sa aka auna fitsarinsa yana da kwana 9. Ita ce ta gaya mini in aka wuce kwana 21 da wuya a tantance ko a ciki ya kamu ko bayan haihuwa. Ku duba fa, mako uku kacal, lokacin da mai jego ke ɗaki tana wanka, ana jiran arba'in kafin ta fita. Cutar takan bi ta mahaifa ta isa can cikin kunne, wurin nan mai kama da katantanwa, ta lalata 'yan gashin da ke karɓar sauti, waɗanda in sun mutu ba sa sake tsirowa. Wata shida yana shan maganin ruwa, valganciclovir, safe da yamma, ana ta ɗibar jininsa. Kunnen dama ya yi ta ji har ya kusa shekara biyu. Rannan murfin tukunya ya suɓuce mini a bayansa, duk yaran suka zabura, shi ko waiwaye. Yanzu na'urar ji yake sawa, ana maganar a yi masa aiki a dasa masa wata a cikin kunne.

Ita ƙyandar Jamus, wato rubella, da ita ma ke kurumtar da ɗan tayi, tana da allurar rigakafi. CMV ba ta da ita har yau. Sai dai mai ciki ta wanke hannu da sabulu bayan famfas, ta raba kofi da cokali da yara, ta sumbace su a goshi maimakon baki. Wannan bai kai minti biyu a faɗa ba, amma kuka samu lokacin sa kiɗa har sau uku.

Sannan don Allah ku tuna agogonmu yana gaban na Najeriya da awa biyu. Tunda kuka mayar da shirin ƙarfe tara, mu sai sha ɗaya na dare muke jin sa, saƙonninmu na Makka da Jidda kuwa ko ɗaya ba a karantawa, kullum Kano da Kaduna.

Ku dawo da likitan nan, ko ku nemo wani, kuma ku sanar da ranar tun da wuri, don ina so Hajiya tana zaune a kusa da ni.

Mai sauraronku,
Wata uwa daga Jidda, Saudiyya