Zuwa ga kamfanin da ya sayar mini da setin giyar keken tsere

Assalamu alaikum, Malam Manaja.

Na yi muku ƙorafi cewa kayan giyar da kuka turo mini ba su dace da juna ba. Ranar Litinin da ƙarfe 4:10 na yamma ma'aikacinku ya turo mini saƙon murya ta WhatsApp, yana cewa in nemi "makaniki na gaske", wai masu facin taya na Bauchi ba su san irin wannan kaya ba. Tun daga nan babu wanda ya sake ɗaga wayata. Shi ya sa na kawo maganar fili.

Ranar 14 ga Maris na biya ku N850,000 kuɗin cikakken setin Shimano 105 R7000 mai giya 11, da N12,000 na mota daga Legas. Tallarku ta ce farantan gaba masu haƙora 50 da 34, firiwil mai haƙora 11 zuwa 34, macanjin giyar baya mai dogon hannu, wato GS. Kayan sun yi makonni kafin su iso, wannan na bar shi.

Da aka buɗe kwali, firiwil daidai yake, amma macanjin SS ne, mai gajeren hannu. Ba Shimano nake tuhuma ba, takardarsu ta faɗa ƙarara: SS iyakarsa haƙori 30, kuma rarar kacar da yake iya ɗaukewa ta haƙori 35 ce. Ku yi lissafin da kanku. Tsakanin farantan gaba akwai 16, tsakanin 11 da 34 akwai 23, jimla 39, daidai abin da aka ƙera GS ya ɗauka. Ko an ɗaure sukurun B, mai nesanta macanjin daga firiwil, har ƙarshe, ƙaramar tayar macanjin ta sama tana gugar babban haƙori. In an bar kaca da tsawo, sai ta yi lako-lako a kan ƙaramin faranti. In an rage ta, ranar da mutum ya manta ya haɗa babban faranti da babban haƙorin firiwil a wani hawa na hanyar Dass, macanjin zai miƙe ya lanƙwasa maratayinsa, ko ya faɗa cikin sifokin taya. Wane makaniki na gaske ne zai ƙara wa ƙarfe tsawo?

Kacar ma ta giya 10 ce. Ta fi ta 11 faɗi, tana shafar haƙoran gefe, tana ƙara, tana tsalle in an taka da ƙarfi. Boris ɗin tsakiya kuwa, inda ƙarfen feda yake juyawa, wanda ake dannawa cikin firam kuka sako, alhali na rubuta muku cewa ramin firam ɗina mai zare ne, milimita 68. Dole na sayi wani.

Ina so ku turo GS da kacar giya 11, ku ɗauki kuɗin mota zuwa da dawowa, ku mayar mini da kuɗin boris. Kayanku suna nan, ko kilomita ɗaya ba su yi a kan titi ba.

Amma kuskure uku a kwali ɗaya ya wuce mantuwa. Abin da nake gani, farke seti kuke yi kuna sayarwa ɗaiɗai, ragowar da ba ta dace da juna ba ku tattara ku turo Arewa, da tunanin nan babu mai ƙirga haƙora. Ku gaya mana mutum nawa kuka yi wa haka a Bauchi da Gombe. Rasit da hotuna da saƙon muryar duk suna hannuna, kuma in Juma'a ta wuce ban ji daga gare ku ba, hukumar kare haƙƙin masu saye zan kai su.

Mai sayayya daga Yelwa, Bauchi