Dutsen da Auta ya tsinto a Dange

Assalamu alaikum Yaya,

Bayan gaisuwa mai yawa da fatan kuna lafiya, yaya jikin Inna? Allah ya ƙara sauƙi. Ni ma ina nan kalau a Maroko, sai dai sanyin da ya hana ni sakewa.

Na ga hoton dutsen da Auta ya tsinto wajen Dange, mai sheƙi kamar gilashi, da labarin mutumin da ya ce masa daimon ne, a kawo kuɗi ya kai shi gwaji. Don Allah kada a ba shi ko sisi. Auta ya sa farcensa ya karci dutsen. In ya yi zane, jifsam ne, irin wanda ake zubawa a siminti, ake kuma yin adon silin da shi. Daimon kuwa shi ke yanka gilashi, ba abin da farce zai yi masa. Can ƙarƙashin ƙasa yake samuwa, zurfin kilomita 150 ko fiye, cikin zafi da matsi, sai aman wuta ya turo shi sama. Ƙasarmu ba ta wannan hanyar ta samu ba.

Abin da zai ba ka mamaki, Yaya, Sakkwato gindin teku ce a da. Sama da shekara miliyan 60 da suka wuce ruwan gishiri ya ratso ta inda Sahara take yanzu, ya kwanta a kan Wurno da Dange da Kalambaina. Ƙwanson halittun ruwa ya yi ta taruwa, laka na danne shi, har ya daskare ya zama farin dutsen da ake haƙa a Kalambaina ana siminti. In kana son shaida, ka farfasa ɗan guntunsa ka matsa masa lemun tsami, za ka ga yana ƙananan kumfa. Shi kuma jifsam, gishirin da ruwa ya bari ne bayan ya ƙafe. Ranar da malaminmu ya ambaci Goronyosaurus a aji, wani ƙaton dabbar teku mai kama da kada da aka tono ƙasusuwansa a yankin Goronyo, sai da na miƙe na ce garinmu ne. Aka yi ta dariya.

Makon jiya an kai mu ma'adinan fosfat na Kuribga, inda ake samun sinadarin takin zamani. Haƙoran kifi cike da ƙasa, yara na sayar da su a bakin hanya. Sai na tuna 'yan dunƙulallun duwatsun da muke harbin tsuntsaye da su a Dange, ashe wasunsu fosfat ne.

Na kuma ji Auta na zancen tafiya haƙar zinariya Zamfara. Gaskiya ne tsofaffin duwatsun can na ɗauke da ita a jijiyoyin farin dutse mai tauri, amma wani wurin tare take da dalma. Ka tuna masa 2010, yadda ƙurar dutsen da ake dakawa cikin gida ta kashe yara sama da 400 a yankin Anka da Bukkuyum. Kai yake jin maganarka.

Dutsen dai ya ajiye mini, kada ya jiƙa shi. A gai da Inna da Baffa da yara.

Ƙaninka.