Rahoton Ayyukan Shekara na Ƙungiyarmu ta Masu Walda da Kanikawa a Legas

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Ya ku iyayenmu dattawan ƙungiya, Malam Shugaba, da sauran 'yan uwa na Agege, Idi-Araba, Mile 12 da Alaba Rago, ga bayanin abin da Allah Ya ba mu ikon yi a bana. Lissafin kuɗi yana hannun Ma'aji, zai karanta shi daban. Ni dai na aiki zan kawo.

Taron wata-wata ya ci gaba, sai dai na tsakiyar damina ya yi ƙarancin jama'a saboda ruwa da cunkoson hanya. Mun duba marasa lafiya, mun yi ta'aziyyar ɗan uwanmu da ya rasu bayan Sallah ƙarama, Allah Ya jiƙansa, kuma gudummawar iyalinsa ta isa gida Arewa. Yaran da ke koyon aiki an raba su a shagunan manya kamar yadda aka amince bara.

Aikin da ya ci mana rabin shekara shi ne bututun shan iska na injin jirgin Baba Injiniya. Ga waɗanda ba su sani ba, dattijonmu ne mai ritaya, yana haɗa ƙaramin jirgin sama mai kujera biyu a rumfar gidansa ta wajen Ikorodu. Ba sabon abu ba ne a ƙasar nan: jirgin koyon tuƙi na Air Beetle da sojojin sama suka yi amfani da shi, a Kaduna aka harhaɗa shi daga samfurin RV-6A na kamfanin Van's na Amurka. Bambancin na Baba shi ne injin. Ya sayo na motar Mazda RX-8 a kasuwar Ladipo, irin mai juyawa wanda Bajamushe Felix Wankel ya ƙirƙiro, aka fara tayar da shi a 1957. Ba shi da fistin ko ɗaya. Rota biyu ne, wato ƙarafan da ke juyawa a cikinsa, masu kusurwa uku, kowace tana da ɗaki mai cin cc 654, kuma kafin rota ta zagaya sau ɗaya shaf, wato sandar da ke fitar da ƙarfin injin, ya zagaya sau uku. Ƙarami ne, ba ya jijjiga kamar mai fistin, shi ya sa masu haɗa jirgi a gida ke sonsa.

To amma bututun da ya zo da shi daga mota zubi ne mai nauyi, ga tsayi, murfin hancin jirgi ba ya rufuwa a kansa. Nan Baba ya kawo mana zane, ya ce bututu huɗu yake so na alminiyum, biyu ga kowace rota, su haɗu a tukunya ɗaya da iska za ta fara taruwa.

Gaskiya da farko mun raina aikin. Mutanen da suka saba da ƙofar gida da tankin ruwa da salansar tirela, me bututu huɗu zai yi musu? Baba ne ya zaunar da mu a kan benci ya yi mana karatu. Ya ce iskar da ke gudu cikin bututu tana da nauyi, in ƙofar injin ta rufe sai ta yi karo ta komo baya da saurin sauti, kimanin mita 340 a daƙiƙa. In tsawon bututun ya dace, komowar tana iske ƙofar a buɗe sai ta tura ƙarin iska ciki kyauta. Dogon bututu na ƙaramin gudu ne, gajere na babban gudu. Ya ba mu misali da motar tsere ta Mazda 787B da ta ci gasar Le Mans a Faransa a 1991, wadda bututunta ke tsawo da gajarta da kansu gwargwadon gudun inji. Jirgi ba ya buƙatar wannan wahalar, domin injin yana zama a gudu kusan ɗaya na sa'o'i, wajen juyi 6,000 a minti, giya kuma ta rage shi ga farfela zuwa ƙasa da 2,700. Tsawo ɗaya ake so, amma na rotar gaba da na rotar baya dole su yi daidai. In ɗaya ya fi, rota ɗaya za ta ƙoshi ɗaya ta yi yunwa.

Mun sayo bututu a Owode Onirin, sauran kuma Baba ya yi odar nau'in alminiyum da ake kira 6061, mai lamba a jiki, don na kasuwa ba ka sanin garwayensa. Lanƙwasa ce ta fara ba mu kunya. Na farko ya tsuke a gwiwa kamar wuyan gora. Sai wani tsohon maƙerinmu, wanda ya yi ƙuruciyarsa yana zubin tukwanen sanholo, ya ce a kawo yashi. Aka soya yashin a kasko har ya bushe ƙarau, aka ɗura, aka bubbuga aka toshe baki biyu. Ya goga sabulu a jikin bututun, ya bi shi da wuta a hankali, idonsa a kan sabulun. Da ya koma baƙi ya ɗaga hannu ya ce, "Ya isa, yara, ku janye." Alminiyum ba ya ja kamar ƙarfe ya yi maka gargaɗi, yana kaiwa wajen digiri 650 sai ka ga ya zube. Gwiwar ta fito sumul. Ranar kowa ya yi shiru yana kallon hannun tsohon nan.

Walda kuwa da injin TIG muka yi, wato na lantarki mai aiki da iskar agon da ke kare ɗinki daga iskar waje. Fatar da ke kan alminiyum ba ta narkewa sai sama da digiri 2,000, don haka sai an kankare ta da buroshin waya wanda bai taɓa baƙin ƙarfe ba. Laimar Legas ta cuce mu: sandar walda da ta kwana a waje cikin damina tana barin ƙananan ramuka a ɗinki. Yanzu a akwati muke rufe su. Ɗaukewar wuta a tsakiyar ɗinki ta sa mun koma janareto gaba ɗaya.

Dole in faɗi inda muka yi kuskure, kuma har da ni a ciki, domin ni na matsa a gama kafin azumi. Saitin farko ya yi kyau a ido, ya ci gwajin ruwan sabulu ba kumfa ko ɗaya. Aka ɗaure injin a kan teburin gwaji, ya yi 'yan sa'o'i yana aiki, sai sautinsa ya canza. Da aka kashe, muka ga tsaga siririya kamar gashi a gindin bututun baya, dab da ɗinki. Dalili biyu ne. Walda tana rage ƙarfin 6061 a gefen da zafi ya taɓa, mu kuma mun bar nauyin tukunyar yana rataye a kan wannan wurin ba madogari. A hanyar Oshodi wannan tsagar ta tsayawa ce a gefen titi. A sama babu gefen titi. Na kwana biyu ban yi barcin kirki ba.

Saiti na biyu mun yi shi ba gaggawa, don ba a fafe gora ranar tafiya. Mun yanke kowane bututu gida biyu muka haɗa da roba mai jure zafi da maɗauri, muka tayar da ɗan tudu a bakin kowanne don kada robar ta zame. Mun yi wa tukunyar ƙafa biyu da suka dafa jikin inji. Bakin bututu a cikin tukunya an buɗe shi kamar bakin kakaki, an goge ciki har yatsa ba ya jin ɗinki. Kuma da yake a wannan injin salansa da bututun shan iska gefe ɗaya suke, hayaƙinsa kuma yana wuce digiri 800, mun sa faifan ƙarfe marar tsatsa a tsakani. Zuwa yau ba tsaga, kuma bayan kowane gwaji ana duba ɗinki da fitila da gilashin ƙara girma, a rubuta a littafi.

Kwamiti ya yanke, Baba kuma ya amince, cewa jirgin ba zai bar ƙasa da aikin hannunmu ba sai jami'an hukumar kula da sufurin jiragen sama, NCAA, sun duba sun ba da izini. Kada wani ɗan ƙungiya ya yaɗa a Facebook cewa mun ƙera jirgi. Bututu muka yi.

Abin da ke gabanmu: muna buƙatar tukunyar agon ta biyu da ma'aunin zafin hayaƙi guda biyu, ɗaya ga kowace rota, don mu tabbatar da cin iskarsu daidai ne da lamba, ba da kunne ba. Za a kawo maganar karo-karo a taron wata mai zuwa. Saitin da ya tsage yana rataye a shagon Malam Shugaba a Agege, an zagaye tsagar da jan fenti. Iyayen gida su turo yaransu ranar Asabar bayan Azahar, tsohon maƙerinmu ya yi alkawarin sake nuna lanƙwasa da yashi, kowane yaro ya zo da guntun bututunsa da sabulu.

Wassalam,
Sakataren Ƙungiya